Inji ya cinye wa maigidana yatsu biyu, yanzu oga na so a rufe maganar da dubu 300

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Zariya, yaranmu huɗu. Maigidana yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa shekara 6 kenan, shi ke kula da inji. Wata uku da suka wuce suna aikin dare aka ɗauke wuta, sai ya zura hannu zai ciro wata igiyar buhu da ta naɗe a bel, bai kai ga fitowa da hannun ba wani ya tada janareto. Yatsu biyu na hannun dama suka tafi, manuniya da ta tsakiya, wuyan hannun ma ya karye. Manaja da kansa ya kai shi asibitin koyarwa na Shika, kuma tsakani da Allah oga ya biya kuɗin tiyata da magani ya ba mu albashin wata biyu, daga nan sai shiru. Satin da ya wuce aka aiko da takarda wai ya sa hannu a ba shi dubu 300 magana ta ƙare, aikin kuma sai ya warke sarai tukunna a duba. Yayansa ya ce ya karɓa ya yi shiru ƙaddara ce, kuma ogan ɗan unguwar iyayensu ne ba a shari'a da na gida. Ni Anti ba kuɗin ne ya fi damuna ba, mutumin ne. Ya daina zuwa majalisa, masallaci sai an tada iƙama yake shiga ya tsaya sahun baya ya fice kafin a fara gaisawa, abinci sai na bar ɗakin yake ci, baya barci, abu kaɗan ya hau yara da faɗa. Awarar da nake soyawa ce ke riƙe da gidan yanzu, ko ita ɗin in na yi maganar cefane sai ransa ya ɓaci. Ya sa hannun ko kar ya sa? Kuma ya zan yi ya dawo yadda yake?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya saka miki da alheri da wannan ɗawainiyar.

Kar ya sa hannu, kar ya dangwala, ba yau ba ba gobe ba. Ku karɓi takardar da ladabi ku ce za a duba, ku yi mata fotokwafi ku ajiye. Dubu 300 in tana kwance a tire kuma buhun masara ya ƙare kuɗi ne mai yawa, na sani, amma ki lissafa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa a 2024, naira dubu 70, za ki ga bai wuce albashin wata huɗu da 'yan kwanaki ba, shi kuwa hannun nan da shi zai ƙare rayuwarsa.

Toh bari na gaya miki abun da yawancin ma'aikatan kamfanoninmu ba su sani ba, wasu ogannin ma wallahi ba su sani ba. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda tsohon shugaban ƙasa Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar, ita ta maye gurbin tsohuwar ta 1987. Hukumar NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ke riƙe da asusun diyyar. Yadda abun yake, duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko ɗan kasuwa, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa, dokar ta hana a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci don wannan. In wani ya ji ciwo a bakin aiki, ko ma a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida, daga wannan asusun ake biyan magani da diyya. Kuma kar wani ya ce miki ai maigidanki "kashuwal" ne ba shi da takardar ɗauka, dokar ta haɗa da mai aikin wucin gadi da ɗan koyo har da mai aikin gida. Shekara 6 yana tashi yana zuwa, alat ɗin albashinsa na waya shaida ne, katin aiki in yana da shi shaida ne, abokan aikinsa shaida ne.

Za su ce shi ya zura hannunsa, na san za su faɗa. Tsarin ba a gina shi kan neman mai laifi ba, abun da ake tambaya shi ne a bakin aiki abun ya faru ko ba a bakin aiki ba. Shikenan.

Maganar lokaci kuma ki riƙe ta da kyau don nan ne mutane ke asara suna zaune suna jiran "oga ya ce zai duba". Ma'aikaci ana so ya sanar da wajen aikinsa cikin kwana 14, wannan kar ta dame ki tunda manaja ne ya ɗauke shi ya kai asibiti, babu mai cewa kamfani bai sani ba, kuma dokar ta yi la'akari da haka. Shi kamfani kwana 7 gare shi ya kai rahoto ga hukumar, wannan ce nake shakkar an yi. Sai babbar, neman diyya ana shigar da shi cikin shekara 1 daga ranar hatsarin, akwai rangwame har shekara 3 in da ƙwaƙƙwaran uzuri amma kar ku jingina da shi. Wata uku sun riga sun tafi. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har ba zai iya aiki ba dokar ta ce kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, na maigidanki ba gaba ɗaya ba ne Alhamdulillah, don haka likitoci ne za su auna yawan abun da ya rasa a lissafa a kai. Ba zan ce miki ga adadi ba, wanda duk ya ce miki ga adadi tun kafin a auna hannun yana miki romon baka ne. Kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa yarjejeniyar da ma'aikaci zai yi da ubangidansa ya yafe wannan haƙƙin ba ta da ƙarfi. To amma duk da haka kar ya sa hannun, don me za ku ƙulla abun da sai lauya ya zo yana kwancewa.

Yanzu Yaya. Ki bi shi a hankali, ba mugunta yake yi ba, zumunci yake karewa kuma a garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne, gobe a wajen jana'iza ko ɗaurin aure za a haɗu. Ƙaddara ce, babu musulmin da zai ja da wannan. Amma Zariya garin ilimi ne, ya je zauren kowane malami ya tambaya, a Risala da ake karantawa kullum an rubuta cewa diyyar kowane yatsa raƙuma goma ne. Ban ce hukuncin maigidanki kenan daidai ba, wannan na malamai ne su duba, abun da nake nufi addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne dai ya ajiye wa yatsa ƙima, bai ce karɓa rashin tawakkali ba ne. Sannan abun da zai fi kwantar wa Yaya da hankali, cike fom ɗin NSITF ba kai oga kotu ba ne. In kamfanin na da rajista yana biyan kasonsa, kuɗin ba daga aljihun Alhaji mai kamfanin zai fito ba, sa hannunsa da hatiminsa kawai ake buƙata. Ki ga ashe Yayan ma shi ya fi dacewa ya je, shi da wani dattijon unguwa da ogan ke jin kunya, su fara da godiya, don gaskiya ya yi ƙoƙari, dokar ƙwadago kwana 12 kacal ta tilasta a biya na rashin lafiya a shekara shi kuwa ya biya wata biyu ya biya tiyata, a faɗa masa an gani an gode. Daga nan a yi tambaya ɗaya, Alhaji kamfanin nan na da rajista da NSITF?

In ya ce eh, sai a cike fom a haɗa da rahoton likita. In ya fara kame-kame, to kin gane dalilin gaggawar dubu 300 ɗin. Ƙananan kamfanoni da yawa ba su yi rajistar ba, kuma a nan hanyar ta fi tsawo ba zan ɓoye miki ba. Maigidan ya shiga mota ya je Kaduna ofishin NSITF da kansa ya kai rahoto a rubuce a buga masa hatimi a kwafinsa, ya leƙa ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, su suna iya kiran kamfani a zauna sulhu. In ta ƙi ci akwai kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a Kaduna, akwai kuma hukumar Legal Aid mai taimakon marasa ƙarfi da lauya. Abu ɗaya dai, kar ku shigar da ƙara kai tsaye sai lauyan da ya san harkar ƙwadago ya duba, don ba a haɗa diyyar hukuma da ƙarar kamfani a ci biyu, zaɓi ake yi. Kuma aikin ofis ne, sai da sintiri da haƙuri. Ki samo jaka guda ki zuba komai, katin asibiti, hoton ƙashi, rasit ko na dubu ɗaya ne, hoton hannun a waya, sunayen waɗanda suke wajen daren nan da lambobinsu, tun kafin wani ya bar aikin ya tafi Abuja ko Legas a neme shi a rasa.

Toh mu zo kan wadda kika ce ta fi damunki, ni ma ita ta fi damuna. Kalmar nan ta "sai ya warke sarai" ita ce tarkon, ko ogan bai yi nufin haka ba. Yatsun ba za su tsiro ba, to yaushe ne sarai ɗin? Duk watan da ya ƙara a ɗaki hannun na ƙara sandarewa, wani na ƙara zama daram a gurbinsa, shi kuma zuciyarsa na ƙara gaya masa ya gama amfani. Masu kula da lafiyar ma'aikata sun daɗe da gane cewa yawan daɗewa a gida shi ke sa komawar ta gagara, don haka ba jira ake a warke sannan a koma ba, komawar da kaɗan-kaɗan tana cikin maganin. Abun da za ku nema wajen oga, kuma ni a ganina ya fi dubu 300 ɗin daraja nesa ba kusa ba, shi ne a mayar da shi yanzu kan aiki mara nauyi. Kamfanin shinkafa ba inji kaɗai ba ne, akwai sikeli, akwai sito, akwai rubuta buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita, akwai duba danshin shanshera kafin a saya, akwai sa ido kan yaran da ke koyon inji, mutumin da ya yi shekara 6 yana jin kukan injin nan da kunne kawai zai gaya maka bel ya saki ko boris ya ci, wannan ilimin ba a yatsa yake ba. Ya fara da rabin yini, da rana banda dare, sati biyu ko uku a ƙara, babu ɗaukar buhu sai likita ya ce. Ku koma Shika ku roƙi likitan ya rubuta takarda ya faɗi abun da zai iya da wanda ba zai iya ba tukunna, da ita za a je wa oga, don ogan ma tsoro yake ji kar wani abu ya sake faruwa a ce shi ne. Kuma duk abun da aka amince a rubuta, aikin da albashin da ranar farawa, ko a fallen takarda ɗaya ne. Dokar 2010 ɗin ma ta ba hukumar damar kashe kuɗi wajen taimaka wa wanda ya ji ciwo ya koma aiki ko ya koyi wani, in kun je ku tambaya da bakinku.

Hannun kansa, ba ki ce min yana zuwa gashin ƙashi ba, kuma ina zargin tunda aka cire filasta aka zauna. Ƙanwata tiyata rabin aiki ce. Wuyan hannun da ya kwana makonni a ɗaure in ba a motsa shi yadda ya kamata ba haka zai ƙage, sauran yatsun ma su bi shi. Akwai sashen gashin ƙashi a nan Shika, in suka ga abun ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin ƙashi na Dala a Kano. Babban yatsansa na nan, wannan babbar ni'ima ce, likitocin hannu na lissafa shi kusan kashi 40 cikin 100 na aikin hannu shi kaɗai, da shi da sauran biyun zai riƙe biro zai riƙe cokali zai riƙe sifana in an horar da su. Dan Allah kar a kai shi wajen mai ɗori a ce za a "gyara", masu ɗori na da inda suka iya amma hannun da aka yi wa tiyata ba nasu ba ne. In ya ce miki yana jin ƙaiƙayi ko zafi a yatsun da babu su, kar ki tsorata kar kuma a ce iska ce, sanannen abu ne ga wanda aka yanke wa gaɓa, jijiyoyi ne ba su gama sabawa ba, ya gaya wa likita. Lokacin hunturu dungun zai riƙa masa zugi, safar hannu mai kauri na taimakawa. Wanda nake so ki sa wa ido sosai shi ne maganin kashe zafi, in kika ga Tramadol na shigowa gidan ba da takardar likita ba ki tashi tsaye, mutane da yawa daga ciwo na gaskiya suka fara.

Shi kuwa gudun mutane da yake yi, ki duba da kyau duk abubuwan da kika lissafa na hannun dama ne, gaisawa, cin abinci, miƙa kuɗi. Kunya ce da baƙin ciki, ba ƙinki yake ba ba kuma ƙin yaran ba. Namiji da ya saba fita da asuba ya dawo da leda a hannu yau yana jin ƙamshin man awararki ya san da ita za a ci tuwo, dole ransa ya yi ƙunci. Kar ki yi ta masa wa'azin haƙuri, ya ji har ya gaji, kowa ya zo dubiya ita yake faɗa. Ki ba shi aiki. Jakar takardun nan shi zai riƙe, shi zai je Kaduna, lissafin waken suya da mai ki ce ya riƙa miki don kanki na ɗaukar zafi, raka yara Islamiyya nasa ne. Ki daina yi masa abun da zai iya da kansa ko da zai ɗau minti goma yana sa maɓalli, ki kau da kai ki barshi. Ki nemi amininsa guda ɗaya, ba tawaga ba, wanda zai zo bayan la'asar ya ce taso ka raka ni Sabon Gari, ya miƙa masa hannu su gaisa kamar kullum ba tare da kallon hannun ba. Yaran kuma ki zaunar da su ki gaya musu abun da ya samu Babansu da bakinki, su taɓa hannun in ya yarda, yara in aka ɓoye musu abu sun fi zura ido.

Amma akwai iyaka. In rashin barcin ya ci gaba, ko yana firgita cikin dare yana ganin abun na sake faruwa, ko ƙarar janareton maƙwabta na sa shi gumi da bugun zuciya, ko ya daina cin abinci, wannan ya wuce lallashin mata, ciwo ne kuma yana da magani. In kuwa kika taɓa jin ya ce gara ma ya mutu ko ku za ku fi hutawa ba shi, ranar nan ba gobe ba ki kira Yaya ku kai shi, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Shika akwai kuma asibitin Barnawa a Kaduna. Ba hauka ba ne, a ci gaba da addu'a a haɗa da asibiti. Wannan firgicin ma shi ya sa nake cewa ranar farko kar a tsayar da shi gaban injin da ya cinye shi, ya fara daga sito yana jiyo ƙarar daga nesa har jikinsa ya saba.

Kuma in dattawan sun zauna da Alhaji kar su tashi ba su yi maganar injin ba, don abun da ya faru daren nan ba sabon abu ba ne a wuraren niƙa da casa, an ɗauke wuta, inji ya tsaya amma makunninsa na kunne, wani ya zura hannu, wuta ta dawo ko a tada janareto. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace bel da duk wani ɓangare mai juyawa, ta wajabta akwatin agajin gaggawa, ta kuma ce hatsarin da ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana 3 a sanar da sufeton masana'antu. Gyaran ba tsada gare shi ba, mai walda zai haɗa ragar ƙarfe a rufe bel ɗin, a sayo kwaɗo, duk wanda zai sa hannu cikin inji ya kashe babban makunni ya datse da kwaɗon ya jefa makullin a aljihunsa, mai tada janareto kuma ba ya tadawa sai ya zagaya ya ga kowa da idonsa. Riga mai faɗin hannu da safar hannu kusa da abu mai juyawa a hana, su ke fara kamawa su ja hannun. In ogan na da wayo maigidanki zai ɗora kan wannan, babu yaron da zai yi masa gardama in ya ce kashe kafin ka taɓa.

Ke ma ki samu wata 'yar'uwa ta riƙa karɓarki a bakin kaskon ko sau biyu a sati ki ɗan runtsa, mai suya da rashin barci ga tafasasshen mai ga yara na kai-kawo, hatsari ɗaya ya ishi gidan. In Yaya ya dawo daga wajen Alhaji ki sake rubuto min ki gaya min amsar da ya bayar kan rajistar, ki turo min da hoton takardar da suka aiko ki rufe sunayen, sai mu san ta inda za a bi.